Yadda Kwamfuta Take Ƙirga, da Yadda Take Gane Haruffanmu

A zangon karatu da ya wuce, mun kai tsarin sujadar godiya wani shagon buga takardu a cikin gari. Da takardun suka dawo, sai muka ga inda muka rubuta "Addu'a domin ƙasarmu" ya zama "Addu'a domin Æ™asarmu". Kwafi 300 ke nan, kuma washegari Lahadi. Mai shagon ya ce mu muka yi kuskure, mu kuma muka ce injinsa ne ya lalace. Gaskiyar magana ita ce ba wanda ya buga kuskure, injin kuma lafiyarsa ƙalau. Domin ɗalibai su gane abin da ya faru, dole mu koma kan ƙidaya tukuna.

Mu ɗauki lamba 409. Tun daga firamare mun san ma'anarta: ɗari huɗu, ba goma ko ɗaya, da ɗaya-ɗaya guda tara. Alamu goma kawai muke da su, daga 0 zuwa 9, kuma kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. Wannan ita ce ƙidayar goma-goma, wadda ta dace da yatsun hannuwanmu. Amma ba ita kaɗai ba ce a duniya. Mutanen Babila, ƙasar da aka kai Daniyel bauta, da sittin-sittin suke lissafi, kuma gādonsu ne minti 60 da ke cikin awa ɗaya. Ku tambayi kakanninku kuma, kafin a kawo naira a 1973 kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya, ba su kuwa ruɗe a kasuwa ba.

Ita kwamfuta ba ta da yatsu. Abin da ke cikinta miliyoyin ƙananan makunnai ne, kowanne ko dai yana kunne ko yana kashe. Saboda haka alamu biyu take aiki da su: 1 idan a kunne, 0 idan a kashe. A wannan ƙidaya ta biyu-biyu, kowane gurbi ninki biyu ne na wanda ke damansa, wato 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, haka har gaba. Alal misali, 13 shi ne 8 da 4 da 1, babu 2 a ciki, don haka ana rubuta shi 1101. Ita kuwa 409 ɗinmu, 256 ce da 128 da 16 da 8 da 1, sai ta zama 110011001. Wani masani Bajamushe mai suna Leibniz ya yi rubutu a kan wannan ƙidaya tun 1703, lokacin da ba a san fitilar lantarki ba balle kwamfuta.

Kowane 0 ko 1 guda ana kiransa bit, takwas ɗinsu a jere kuma bayit. Bayit ɗaya yana iya ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, ba ya wuce nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da yake dogon jerin 0 da 1 yana gajiyar da ido, masu aikin kwamfuta sukan taƙaita shi da ƙidayar sha shida-sha shida, inda bayan 9 ake aron haruffa A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. A can 255 ita ce FF, 409 kuma 199.

To, idan lamba kaɗai kwamfuta ta sani, ina take ajiye haruffa? Ku tuna da allon waƙoƙi da ke gaban majami'a. Lamba kawai ake rubutawa a kai, amma kowa ya buɗe littafinsa sai ya sami waƙa ɗaya, domin littafin iri ɗaya ne a hannun kowa. Baƙon da ya zo da wani littafi dabam zai buɗe lambar daidai, amma wata waƙa zai tarar. Haka abin yake ga haruffa: mutane ne suke zama su yarda cewa lamba kaza ita ce harafi kaza.

A 1963 aka fitar da irin wannan jadawali a Amurka, mai suna ASCII, da gurabe 128. Babban A ya sami 65, B 66, haka har Z mai 90. An ƙara ƙananan haruffa a 1967, ƙaramin a ya sami 97. Bambancin 65 da 97 shi ne 32, wato makunni ɗaya tak: 1000001 da 1100001. Ko filin da ake bari tsakanin kalmomi yana da lambarsa, 32. Wani abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne alamar "7" da kuke dannawa, a jadawalin 55 ce.

Waɗanda suka tsara ASCII Turanci ne a gabansu, don haka babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Da aka riƙa amfani da bayit cikakke, an sami ƙarin gurabe 128, amma kowane yanki ya cika su da nasa: Yammacin Turai da nasu, Rasha da nata, ƙasashen Larabawa da nasu. Hausa ba ta sami rabo ba. Masu buga littattafai sai suka riƙa ƙera zubin haruffa na musamman, su cire wata alama da ba a cika buƙata ba su dasa ƙ a gurbinta. Yana aiki a injin mai shi, amma da zarar an kai rubutun wani injin sai ya watse. Sauran jama'a kuwa suka yar da lanƙwasar gaba ɗaya. Ni dai ban yarda wannan ƙaramin abu ne ba. Baƙi dabam, baki dabam. Faɗar sarki ba fadar sarki ba ce. A cikin Littafi Mai Tsarki ma, idan aka cire lanƙwasar "Ɗan" sai ya koma Dan, sunan ɗaya daga cikin 'ya'yan Yakubu.

Maganin ya zo a 1991, da aka fitar da Unicode, jadawali guda domin rubutun dukan harsuna, wanda daga baya aka faɗaɗa shi ya kai gurabe fiye da miliyan ɗaya. Gurabe 128 na farko an bar su yadda suke a ASCII. A nan ne ƙ ta sami lambarta, 409 ɗin da muka fara da ita. Babban Ƙ 408 ne, ɓ 595, ɗ 599, ƴ da ake rubutawa a Nijar 436, alamar naira kuma 8358.

Sai dai 409 ta fi ƙarfin bayit ɗaya. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar da ake kira UTF-8, wadda yawancin shafukan intanet suke amfani da ita yau. Harafin Turanci yana cin bayit ɗaya, ƙ kuwa biyu: 198 da 153. Abin da ya same mu a shagon ke nan. Injinsu ya karanta rubutunmu da tsohon jadawalin Yammacin Turai, bai san lambobin biyu tare suke ba. Ya duba 198 ya ga Æ, ya duba 153 ya ga ™, ya buga su yadda ya gani. Da an gaya masa ya buɗe da UTF-8, da ƙasarmu ta fito daidai. Idan kuwa ɗan akwati fanko kuka gani a gurbin harafi, wannan wata matsala ce: lambar daidai take, zubin haruffan ne ba shi da hoton harafin, sai a sauya wani.

Ga aikin hutu ga 'yan babban aji ɗaya da biyu. Ku mai da 595 da 599 zuwa ƙidayar biyu-biyu, ku faɗi makunni nawa ne ya raba ɓ da ɗ. Sa'an nan kowa ya rubuta sunansa da lambobi. Mai suna Ɗanladi ya lura, harafinsa na farko 394 ne, ba 68 ba. A kawo mini a makon farko na sabon zango.