Yadda Ake Buga Takarda Daga Waya Ba Tare da Kebul Ba

Ana saura kwana ɗaya mu manna wannan mujalla, kebul ɗin firintarmu ya lalace. Labaranmu duk suna cikin waya, kuma ba mu da na'urar rarraba intanet. Malamin kwamfuta ne ya fid da mu kunya, ya koya mana amfani da Wi-Fi Direct, wato waya ta haɗu da firinta kai tsaye. Ba a buƙatar data ko ta naira ɗaya.

Ga yadda muka yi:

1. Mun kunna Wi-Fi Direct a jikin firintar.
2. Mun buɗe Wi-Fi na waya, muka zaɓi sunan da ya fara da DIRECT.
3. Mun saka lambar sirrin da firintar ta nuna.
4. Mun buɗe takardar, muka zaɓi firintar, muka danna bugawa.

A kula: ba kowace firinta ke da wannan tsari ba, kuma sai an tsaya kusa da ita. Sannan a canza lambar sirrin, kada wani ya ƙarar mana da tawada da takardu.