Canza giya tun kafin ka hau tudu

Ranar da zan kare furojet ɗina, sarƙar kekena ta tsinke a tsakiyar hawa, don na canza giya ina danna feda da ƙarfi. Da ƙafa na ƙarasa, sharkaf da gumi. Ga abin da mai gyara ya koya min. Hannun dama ke sarrafa giyar baya, hagu ta gaba. A baya babban faranti ne mai sauƙi, a gaba kuwa ƙarami. Da ka hango tudu, canza tun ƙafa ba ta yi nauyi ba. Sassauta feda, amma kar ka daina juyawa. Kar ka haɗa babba da babba, sarƙa za ta karkace, haƙora su cinye. Kafin ka tsaya a danja ma, koma mai sauƙi, don ka ji daɗin tashi.