Darasi: Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, zuciyar ɗan Adam tana saurin sakewa da wanda ya yi kama da ita. Baƙon da ke jin harshen gari, yake sallah irin ta mutanen gari, ba ya daɗewa a ƙofa. An ga haka tun 2019, lokacin da dubban mutane suka gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga: ƙauyukan yankin Gidan Rumji sun sauke su a cikin gidajensu, don harshe ɗaya ne, ga auratayya tun kaka da kakanni. Amma ɗan Gine ko ɗan Kamaru da aka koro daga Aljeriya ta Assamaka, wanda ba ya jin Hausa, sau da yawa kallon tuhuma yake fara sha. Me ke mayar da irin wannan baƙo ɗan gida? Amsar tana Madina.

Da Muhajirai suka isa Madina a shekarar 622, imani ya haɗa su da Ansar, amma rayuwarsu ta bambanta. Mutanen Makka ƴan kasuwa ne, na Madina manoman dabino. Iskar garin ma ba ta karɓe su ba, har zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal. Manzon Allah (SAW) bai bar al'amarin a kan "ai duk musulmi ne" ba. Ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin mutum da mutum, kowa da sunansa. Ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai, ya dawo da ribar cuku da man shanu. Baƙon da ya samu hanyar nema ya daina zama kaya a wuyan kowa.

Misali mafi ƙarfi shi ne Salmanu, mutumin Farisa, wanda ba Balarabe ba ne, kuma a matsayin bawa ya iso Madina. An haɗa shi da Abu Darda'i. Kusancinsu ya kai har Salmanu ya shiga gidansa, ya sa shi ya karya azumin nafila, ya tuna masa haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Littattafan sira sun kawo cewa ranar haƙa ramin Khandaƙ, a shekara ta 5 bayan hijira, Muhajirai da Ansar kowa cewa yake Salmanu nasu ne. Zama tare da aiki tare su suka kai shi nan.

Sai dai cuɗanya tana buƙatar tsaro. A yaƙin Banu Musɗaliƙ, wani Muhajiri da wani Ba'ansare sun yi faɗa a bakin ruwa, kowa ya kira mutanensa. Annabi (SAW) ya kira wannan kiran jahiliyya, ya ce a bar shi don abu ne mai wari. Shi kuwa Abdullahi ɗan Ubayyu ya yi amfani da damar wajen zuga ƴan gari a kan baƙi. Har yau haka fitina ke farawa: laifin mutum ɗaya a ɗora wa ƙabila duka.

Saboda haka muridi ya binciki zuciyarsa. Son wanda ya yi kama da shi ɗabi'a ce, ba ta buƙatar yaƙi da rai. Tarbiyya tana bayyana ne a kan baƙon da harshensa da tufarsa suka saɓa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna cewa an yi mutane dangi-dangi ne don su san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin daraja.

Muƙaddamai a zawiyoyin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna iya raya wannan sunna. Baƙon da ya zauna a gefen wazifa a tambayi sunansa, a haɗa shi da ɗan'uwa guda da zai san masaukinsa, a ci abinci da shi a akushi ɗaya, a nuna masa inda zai samu aiki. Idan ba musulmi ba ne, haƙƙin maƙwabci da na matafiyi yana nan daram.

Allah Ya tsarkake zukata daga ƙabilanci, Ya mayar da kowane mai gudun hijira gidansa lafiya, albarkar Annabi (SAW). Amin.