Darasin Wannan Wata: Ƙera Ƙananan Jiragen Ruwa Na Wasan Yaƙi

Da zarar an girbe dawa, kara ya bushe, za a ga yara a gindin bishiya suna fere shi. Wannan ya yi mota, wancan ya yi keke, wani kuma ya yi jirgin sama. Wasu iyaye kan kore su, su ce shiririta ce.

To, a Ingila da Amurka akwai magidanta, har da masu furfura, da ke irin wannan aiki. Su jiragen ruwa na yaƙi suke ƙerawa, 'yan ƙanana, waɗanda ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Akwai na sayarwa a kanti. Amma wasu sun fi son su ƙera nasu tun daga tushe, da kwali da itace da gam. In sun gama sai su jera su a kan tebur su yi wasan yaƙi da su.

Abu ɗaya ya raba aikinsu da na yaranmu na ƙauye, shi ne awo. Yaro da ido yake ƙera motarsa. Su kuwa sai sun auna kome. Wannan darasi zai nuna yadda ake wannan awo, da yadda ake ƙera jiragen, da yadda ake wasan.

Mene ne jirgin tururi?

Duk wanda ya taɓa ganin tukunya tana tafasa ya ga yadda murfi ke rawa. Tururi ne ke ɗaga shi. Da wannan ƙarfi jirgin tururi ke tafiya. Ana hura wutar kwal ko ta itace a ƙarƙashin wata babbar tukunyar ƙarfe. Ruwa ya tafasa, tururi ya tura inji, inji ya juya farfela, jirgi ya kama hanya. Hayaƙi kuma ya fita ta dogon bututu.

Kafin zuwansa, iska ce ke tura manyan jirage. In babu iska, babu tafiya. Jirgin tururi kuwa yana iya hawan kogi ko da ruwa na gangarowa. A shekarar 1854 wani irinsa mai suna Pleiad ya hau kogin Kwara har ya shiga Binuwai.

Asalin wasan

Hausawa na cewa wasa farin girki. An fara wasan yaƙi na kan tebur ne don koyon dabarar yaƙi. A 1824 rundunar ƙasar Furushiya, wadda yanzu take cikin tarihin Jamus, ta karɓi irin wannan wasa don horar da hafsoshinta. A 1898 wani Bature ɗan Ingila mai suna Fred Jane ya fitar da littafi mai ɗauke da zane da awon jiragen yaƙin duniya. Ya kuma tsara wasan yaƙin ruwa da ake yi da ƙananan jirage. Sannu a hankali farar hula ma suka ɗauka.

Wasan ya yi kama da dara. Mutum biyu ne ke fuskantar juna, kowa da nasa kayan, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa dabara. Ba a zuba kuɗi, don haka ba caca ba ce.

Jirage biyu masu tarihi

Mai koyo ya kamata ya fara da jirgi mai sauƙin siffa. Akwai guda biyu da masu wannan wasa suka sani sosai, su ne Monita da Bajiniya. Ga labarinsu a taƙaice.

Daga 1861 zuwa 1865 an yi yaƙin basasa a Amurka tsakanin Arewa da Kudu. Babban dalilinsa shi ne bautar da baƙar fata, wadda jihohin Kudu suka ƙi rabuwa da ita. Arewa ta fi yawan jirage, sai ta tare bakin tashoshin ruwan Kudu. Mutanen Kudu suka tsamo wani jirgi da aka ƙone, suka gina masa ɗaki mai gangaren bango, suka lulluɓe shi da ƙarfe mai kaurin inci 4. Suka sa masa igwa 10, suka raɗa masa suna Bajiniya.

Ran 8 ga Maris 1862, a wani mashigin ruwa da ake kira Hampton Roads, Bajiniya ya auka wa jiragen katako na Arewa. Ya hallaka biyu, mutum fiye da 200 suka mutu. Harsashin da aka harba masa sai ya daki ƙarfe ya zame. Jirgi na uku, mai suna Minesota, ya kafe a yashi. Dare ne ya cece shi.

A wannan dare jirgin Arewa mai suna Monita ya iso. Wani injiniya haifaffen Suwidin, John Ericsson, shi ya tsara shi. Shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, da wani zagayayyen ɗakin ƙarfe a tsakiya, kamar an ɗora gwangwanin madara a kan allo. Igwa 2 kaɗai gare shi, amma manya ne, kuma ɗakin yana juyawa kowace kusurwa.

Washegari, 9 ga Maris, suka yi wajen awa huɗu suna dukan juna. Babu wanda ya nutsar da wani. Amma Minesota ya tsira. Wannan ne karo na farko da jirage biyu masu sulken ƙarfe suka gwabza. Daga nan manyan ƙasashe suka tabbatar cewa zamanin jirgin yaƙi na katako ya wuce.

Awo, tushen aikin

Wani ma'auni da masu wasan ke yawan amfani da shi shi ne 1 bisa 600. Wato a rage kome sau 600. Hanya mai sauƙi ta tuna shi ita ce: inci 1 a kan tebur daidai yake da ƙafa 50 a jirgin gaske. Dalili shi ne ƙafa 1 inci 12 ce, kuma 50 sau 12 ya ba da 600.

Saboda haka, duk awon da aka samu na jirgin gaske, sai a raba shi da 50.

Tsawon Bajiniya ƙafa 275 ne. In an raba 275 da 50, za a sami 5 da rabi. Ke nan ƙaramin zai zama inci 5 da rabi. Faɗinsa wajen ƙafa 51 ne, wato inci 1.

Tsawon Monita ya ɗan haura ƙafa 170, wato wajen inci 3 da rabi. Faɗinsa wajen ƙafa 41 ne, wato ɗan ƙasa da inci 1. Faɗin ɗakin igwarsa wajen ƙafa 20 ne, wato ɗan ƙasa da rabin inci.

Dole a yi jiragen duka da ma'auni ɗaya. In an yi wannan da ido, wancan da rula, ƙarami zai iya fin babba girma. Daga nan sai gardama, wasa ya watse.

Kayan aiki

Turawa kan yi amfani da wani itace marar nauyi da ake kira balsa, wanda akasari daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Gwangwala ko totuwar kara za su iya maye gurbinsa. Sauran kayan su ne kwalin sukari ko na sabulu, rula, fensir, sabuwar reza, almakashi, gam ko ƙaro, tsinken ashana, tsinken tsintsiya, bututun tsohon biro, da 'yar auduga.

A kula da reza. A riƙa yanka ana nisa da yatsa. Kada a tsinci tsohuwa mai tsatsa, kada kuma a bar ta inda ƙananan yara ke wasa.

Yadda ake ƙera Monita

Ba a ƙera jirgin duka. Abin da ke saman ruwa kaɗai ake yi, don gindin ya zauna daram a kan tebur.

1. A zana layi mai tsawon inci 3 da rabi a kan kwali. Wannan shi ne tsakiyar jirgi.
2. A ninke kwalin a kan layin. A zana rabin jirgin, tsakiya da faɗi, goshi da baya da tsini.
3. A yanke yana ninke. In an buɗe, gefe biyu za su zama daidai.
4. Kwali ɗaya ya isa. Doron Monita inci 18 kawai ya ɗara ruwa, don haka a wannan ma'auni bai wuce kaurin kwali ba.
5. A sami kara mai faɗin ɗan ƙasa da rabin inci. A yanko guntu mai tsayin tsinken ashana biyu in an ɗora ɗaya kan ɗaya. Shi ne ɗakin igwa.
6. A soka guntayen tsinken tsintsiya biyu kusa da juna a jikinsa, su ne igwa. A manna shi a tsakiyar jirgi.
7. A yanko kan tsinken ashana a manna kusa da goshi. Shi ne ɗakin matuƙi.

Yadda ake ƙera Bajiniya

1. A yanke kwali mai tsawon inci 5 da rabi da faɗin inci 1, kamar yadda aka yi a baya.
2. A yanko gwangwala mai tsawon inci 3 da rabi. A fere ta har kaurinta ya gaza na fensir.
3. A fere gefunanta su yi gangare kamar rufin kwano, ƙasa da faɗi, sama a tsuke. A zagaye kan gaba da na baya.
4. A manna ta a tsakiyar kwalin.
5. A soka tsinke huɗu a dama, huɗu a hagu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Igwa 10 ke nan.
6. A yanko guntun bututun biro a kafa a sama. A cusa 'yar auduga ta zama hayaƙi.

In babu fenti, a niƙa gawayi a dama da ƙaro a shafa. A bar su su bushe a inuwa, don rana tana lanƙwasa kwali. Sannan a manna kowane jirgi a kan wani kwali da aka shafa wa bula, a rubuta sunansa a gefe.

Yadda ake wasan

Dokokin wasan iri-iri ne. Ga masu sauƙi da mai koyo zai fara da su.

A shimfiɗa shuɗin zane a kan tebur ko tabarma, shi ne teku. A zuba yashi kaɗan a wurare biyu ko uku, su ne wuraren da ruwa ba shi da zurfi. A ajiye guntun kara a kan yashi ɗaya, shi ne Minesota. Kowane jirgi a ba shi tsakuwa 10. A samo ƙwayar ludo mai fuska shida, a kuma naɗa alƙalin wasa.

Ana yi bi da bi. Monita zai iya tafiyar inci 6, ya juya yadda ya so, ya kuma bi ta kan yashi. Bajiniya inci 5 zai yi, juyawarsa kaɗan ce, kuma ba ya taka yashi. Wannan doka daga tarihi ta fito. Gindin Bajiniya ya nutse ƙafa 22 cikin ruwa, na Monita kuwa bai kai ƙafa 11 ba. Bajiniya kan ɗauki rabin awa ko fiye kafin ya juya.

Ba a harbi sai tazara ta gaza inci 12. Kowace igwa da ke fuskantar abokin gaba tana da jifa ɗaya. Monita jifa 2 gare shi ta kowace fuska. Bajiniya yana da 4 in ya ba da gefe, amma 1 kawai ta gaba ko ta baya. Jirgin ƙarfe sai an jefa 6 ake samunsa. Na katako kuwa 4 ko 5 ko 6 duk sun same shi. In an sami jirgi, a ɗauke masa tsakuwa 1. In Monita ne ya yi harbin, a ɗauke 2, saboda girman igwarsa. Jirgin da tsakuwarsa ta ƙare ya nutse.

In Bajiniya ya nutsar da Minesota kafin zagaye 15, ya ci. In ya kasa, Monita ya ci.

Ƙarshen jiragen

Babu wanda ya ga ƙarshen shekarar 1862 a cikinsu. A watan Mayu mutanen Bajiniya suka fasa shi da kansu don kada ya faɗa hannun Arewa. Monita kuwa guguwa ce ta nutsar da shi ran 31 ga Disamba, da mutum 16. A 2002 aka tsamo ɗakin igwarsa daga ƙarƙashin teku, aka kai shi gidan tarihi a jihar Bajiniya.

Uban da ya ga ɗansa na fere kara, maimakon kora, ya miƙa masa rula. Yaron da ya iya rage ƙafa 275 ta koma inci 5 da rabi, ya kama hanyar da magini da kafinta ke bi su karanta zanen gini.

Tambayoyi

1. Me ke tura jirgin tururi?
2. Inci 1 a kan tebur ƙafa nawa ce a jirgin gaske?
3. In jirgi ya kai ƙafa 200, inci nawa ƙaraminsa zai zama?
4. Don me ake ninke kwali kafin a yanke?
5. Don me Bajiniya ba ya taka yashi a wasan?