Darasin gida: kafin a shiga ƙarƙashin mota ranar Asabar



A Nima da Mamobi da Sabon Zongo, haka ma Aboabo a Kumasi, da wuya Asabar ta wuce ba a ga mota a ƙofar gida an ɗaga bonet, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta ba. Yawancin masu wannan aiki ba makanikai ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai direban tasi da ke hutu, akwai saurayin da ya koya daga bidiyo a waya. Muna yaba musu. Kuɗin aiki yana zama a gida, kuma wanda ya san cikin motarsa da wuya a sayar masa da jabun kaya a Abossey Okai ko Suame Magazine. Sai dai a gareji akwai maigida da ke tsawata wa yara, a ƙofar gida kuwa babu shi. Shi ya sa muka kawo wannan darasi, domin dattawa su san abin da za su sa ido a kai ko da ba su taɓa riƙe sifana ba.

Mu fara da jak, don shi ne ke kisa. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don a ɗaga gefe ɗaya a canza taya, mutum yana tsugune a waje. Ba a yi shi don ya riƙe mota mutum yana kwance a ƙasanta ba. Ƙaramar mota irin Corolla ta wuce tan ɗaya, kuma idan ta sauko a ƙirjin mutum ko ihu ba zai iya ba. Jak mai aiki da mai yana iya sauka a hankali idan robarsa ta ciki ta gaji, mai zare kuma yana kifewa idan aka ja noti da ƙarfi motar ta girgiza. Abin da ake buƙata shi ne ƙarfen tokare mota mai ƙafafu, guda biyu, a kafa su a wuraren da littafin motar ya nuna. Mun sha ganin an jera bulo a maimakonsu. Bulon siminti, musamman mai rami, ba ya lanƙwasawa balle ya yi gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Ƙasar ma sai an duba. Lungunanmu da yawa gangare ne, kuma bayan ruwan sama ƙasa takan yi laushi ƙarfen ya nutse gefe ɗaya. A nemi daɓen siminti mai lebur, a ja birkin hannu, a sa giya, a danne tayoyin da ke ƙasa da katako. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Sannan kada mutum ya shiga shi kaɗai, a sami babba a kusa, ba yaron da aka ba riƙon tocila ba.

Batir ƙarami ne a ido, bolt 12 kawai, amma yana iya narka sifana. Idan za a cire shi, a fara da kan mai alamar ragi, wato baƙin waya, kuma shi za a mayar a ƙarshe. Dalili kuwa, jikin motar gaba ɗaya haɗe yake da wannan kan. In aka fara da jan waya sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tashi, ga shi batir yana fitar da iskar da ke kamawa. A cire zobe da agogon ƙarfe kafin a fara. Ruwan batir in ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti.

Canjin mai shi ne aikin da ya fi dacewa da gida. A bar injin ya yi ɗumi, ba zafi ba, a kwance notin ƙasa, a canza filta tare, a shafa ɗan sabon mai a robarta a ɗaure da hannu. A zuba lambar da littafin ya ce. Motoci da yawa da ake shigowa da su daga Amurka an yi su ne don mai marar kauri irin 5W-30 ko 0W-20, kuma ɗura musu 20W-50 da sunan ƙasarmu da zafi ba gata ba ne.

Matsalar tana zuwa bayan an gama, lokacin da aka tsaya da kwanon baƙin mai a hannu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a juye a kwata, kuma abin da ake yi ke nan. Amma kwatar Nima tana gangarawa Odaw, Odaw kuma ta zuba a Korle, ta bi ta bayan gidajen mutane kafin ta kai teku. Mai ba ya narkewa a ruwa, shawagi yake a sama ya tafi inda ruwan ya tafi. Mazauna Accra ba su manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya ta kwashi fetur daga gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, wuta ta bi saman ruwan, mutum sama da 150 suka rasu. Kwano ɗaya ba zai yi haka ba, amma hanyar ɗaya ce, kuma masu rijiya a ƙasanmu su ne ke sha. Baƙin mai yana ɗauke da gurɓatattun ƙarafa daga injin, kuma yawan taɓa fata da shi yana da illa, don haka shafa wa akuya mai ƙazuwa, kamar yadda wasu ke yi, cutarwa ce. A zuba shi a galan mai murfi, a rubuta a jiki, a kai wa gareji ko gidan man da ke tarawa. Kada a sa shi a galan ɗin ruwa na gida, wanda ake cewa Kufuor galan, kada kuma a sa a kwalbar lemo. Wannan ya fi tsanani ga ruwan lagireto mai launin kore ko ja: yana da zaƙi, yaro yana iya sha, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙoda.

Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi injin na da zafi. Ruwan yana matse ne, ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, ana sassauta murfin sai ya yi tsartuwa a fuska. Haka nan ba a barin inji yana aiki a zaure ko shago a rufe, domin gubar da ke cikin hayaƙin salansa ba ta da wari.

Akwai ayyukan da a ganinmu ba na ƙofar gida ba ne. Na farko birki. Duba man birki da ƙara irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, kowa zai iya. Buɗe bututun birki daban ne, don iska kaɗan in ta shiga sai a taka feda ta tafi ƙasa, kuma a lokacin motar ɗauke take da iyali ko fasinja. Haɗin waya mai ruwan ɗorawa na jakar iskar kariya ne, a bar shi. Motoci masu haɗin fetur da lantarki irin Prius suna da wayoyi masu ruwan lemo, da wuta sama da bolt 200 a cikinsu.

Ga samari masu sha'awa, akwai abin da ya fi zama amfani fiye da sabuwar sifana. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996 suna da wata kafa a ƙasan sitiyari da ake jona ƙaramar na'ura, ta karanta lambar matsalar idan fitilar inji ta kunna. Gidaje uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saye ta tare da ƙarafan tokarewa biyu, a ajiye a hannun wani dattijo, duk mai aikin Asabar ya zo ya ara ya mayar kafin magariba.