Shirin hawan Dutsen Ruwa

Mai Wurno gari ne a ƙasar Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sinnar. Ya samu sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yanzu ana jin Hausa da Fulatanci a garin.

Ƙasar wurin baƙar laka ce, shimfiɗe kamar faifai. Amma in aka bar Sinnar aka nufi yamma ta hanyar Kosti, bayan kamar kilomita 30 sai a hango duwatsu sun taso daga fili. Sunansu Jabal Moya, wato Dutsen Ruwa da Larabcin Sudan. Tsakanin 1910 da 1914 wani Bature, Henry Wellcome, ya sa aka yi tono a wani kwari cikin duwatsun. An gano kaburburan mutanen da, kimanin 3,000.

Yaron da ya tashi a fili yakan raina dutse. Ya saba zuwa gona mai nisa, sai ya ce: "Wannan ai kusa ne!" To, hawan dutse ba a auna shi da nisa kaɗai. Sai an haɗa da tsayi. A 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fito da lissafi mai sauƙi: awa 1 ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. A ce hanya kilomita 2 da rabi ce, tsayin kuma mita 300. Tafiya minti 30, hawa minti 30, ya zama awa 1. Wannan lissafin ƙarfafa ne. Ƴan makaranta su ninka shi biyu, su ƙara lokacin hutu da na saukowa.

Wane lokaci ya dace? Lokacin sanyi, wajen Disamba da Janairu. A bazara zafi yakan wuce digiri 40. Da damina dutse yana santsi, laka kuma tana riƙe mota. A soma hawa bayan sallar asuba, a sauko kafin rana ta take, don dutse in ya sha rana ko tafin hannu ba ya ɗoruwa a kansa.

Kada sunan dutsen ya ruɗe ku. Kowa ya zo da ruwansa, aƙalla lita 2. In rabin ruwan ya ƙare, a juyo, ko da ba a kai ƙololuwa ba. Guzuri marar nauyi ya isa, kamar dabino da gyaɗa. A zuba kaya a jakar goyo don hannuwa su zauna sake. A sa hula da takalmi mai kama ƙafa. Silifa ba ta hawan dutse.

Ana hawa a layi. Ja-gora yana gaba, ƙananan yara suna biye da shi, malami yana baya. A bar tazara, saboda dutsen da ya kuɓuce daga ƙafar na sama yana iya samun na ƙasa. Ba a cusa hannu a kogo ko a tsaga, nan kunama da maciji suke fakewa. Saukowa ta fi hawa haɗari: ƙafa ta gaji, gangara kuma tana jan mutum. Ba a gudu. Inda ya yi tsaye ƙwarai, a juya a fuskanci dutsen, a sauko da hannu da ƙafa.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan. Yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, kuma a 2024 an gwabza faɗa a Jabal Moya. Inda aka yi yaƙi, harsasai da bama-baman da ba su fashe ba sukan saura shekara da shekaru. Saboda haka ba a zuwa sai hukuma da mai gari sun tabbatar hanya lafiya take, iyaye kuma sun yarda. A bi turbar da ja-gora ya nuna kaɗai. Wanda ya ga baƙon ƙarfe a ƙasa kada ya taɓa, kada ya jefe shi. Ya tsaya inda yake, ya kira malami.

Kalmomi

gangara: la pente
ƙololuwa: le sommet
ja-gora: le guide
guzuri: les provisions de route

Tambayoyi

1. Daga wa garin Mai Wurno ya samu sunansa?
2. Hanya kilomita 5 ce, tsayi mita 300. Awa nawa ke nan a lissafin Naismith? Ga ƴan makaranta fa?
3. Don me ake juyowa in rabin ruwa ya ƙare?
4. Ku zaɓi dutse ko tudu kusa da garinku. Ku rubuta lokacin tashi, kayan da za ku ɗauka, da mutanen da za ku nemi izininsu.