Yadda ake zubin kaskon alminiyum da yashin bakin Kwara

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungu da ƙauyuka, aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, rayuwar ƙasar Yauri ta ƙara jingina ga tafki. Kifi na fitowa daga gaɓar Ngaski da ƙauyukan Shanga, wani ya tafi banda, wani ya faɗa kaskon masu suya. Injinan jiragen ruwa, da na ban-ruwan albasa da shinkafa, da babura, suna tsufa su ƙare a hannun 'yan gwangwan. Ke nan kayan zubi guda uku suna wuri ɗaya: tsohon alminiyum, yashi da gawayi. Abin da ya rage wa mai son sana'ar shi ne ya san abin da ƙarfe ke yi a ɗan lokacin da yake daskarewa cikin ƙasa, domin a nan kasko ke samun ingancinsa, a nan kuma yake samun aibinsa.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce kamar ƙirar baƙi. Masaniyar tarihi Emily Osborn ta nuna cewa zubin tukwanen alminiyum ya bazu a Afirka ta Yamma ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yau ana ganinsa daga Panteka ta Kaduna har kasuwar Katako ta Yamai. Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Alminiyum na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selsiyus, zafin da gawayin ƙirya da zuga-zugi ke kaiwa ba wahala. Baƙin ƙarfe irin na rodi kuwa sai an kai wajen digiri 1,500, shi ya sa kamfanin Aladja na Jihar Delta, wanda aka buɗe a 1982 don ciyar da masana'antun murza ƙarfe na Katsina da Jos da Osogbo, da tanderun lantarki ya riƙa narki. Amma dokar daskarewa ɗaya ce ga duka biyun.

Matakin farko shi ne tsintar ƙarfe, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Ba duk farin ƙarfe ne alminiyum ba. A bi tulin da maganaɗisu a fitar da ƙusoshi da zobba. Abin da ya yi nauyi fiye da girmansa, irin jikin kafireto, yawanci tutiya ce, a ware. Abin da ya yi sakayau ƙwarai a kankare shi a ɗiga masa ruwan binigar: in ya yi kumfa maganiziyam ne, wanda ke kamawa da farar wutar da ruwa ke ƙara wa ƙarfi.

Daga nan sai zaɓi. Gwangwanayen lemo da firam ɗin taga ba su da silikon sosai, don haka narkakkensu ba ya gudu da kyau cikin siririn mazubi. Fistin yana da silikon kusan kashi 12 cikin 100, yana narkewa tun wajen digiri 577, yana kuma gudu ya cika kowane lungu, shi ya sa masu zubi ke sonsa. Sai dai kayan inji na iya zuwa da dalma. Binciken da Jeffrey Weidenhamer da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 a kan tukwanen zubi na Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu zuwa cikin abin da aka dafa. Arewa kuwa ta riga ta san wannan guba, tun da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Saboda haka kayan inji su tafi ga abin da ba na abinci ba, irin murhu da ƙafar tebur. Kaskon suya ya fi dacewa da fasasshen rim ɗin mota na alminiyum, mai silikon kusan kashi 7 cikin 100, bayan an cire ɗan ma'aunin dalmar da ake manna masa, a haɗa da tsofaffin tukwanen kamfani. A bakin tafki akwai ƙarin kashedi: tukunyar da aka taɓa narka dalmar birgi ko ta taru a ciki, kada ta kusanci ƙarfen kasko har abada.

Mataki na biyu, ƙasa. Yashin da ruwa ke bari a gaɓa in ya janye wankakke ne, yana jure zafi, yana barin tururi ya fice, amma ba ya riƙe siffa shi kaɗai. Sai an shanya shi, an tankaɗe da rariya mai laushi, an haɗa da dakakken yumɓu ko ƙasar suri, kimanin mudu 1 ga mudu 9 na yashi. Ruwa yayyafi ake yi, ana murzawa, a rufe da buhu ya kwana. Gwajin a hannu yake: a dunƙula kamar curin fura, a karya biyu. In ya karye fes bai ruguje ba, kuma bai bar danshi a tafin hannu ba, ya yi. In yana manne wa yatsu, ruwa ya yi yawa, kuma wannan ruwan zai koma tururi ya huhhuda kaskon, ko ya watso narkakken ƙarfe a fuskar mai zubi.

Na uku, gina mazubi. Ana buƙatar akwatin katako mai hawa biyu marar gindi, da turaku a gefe don kowane hawa ya koma daidai inda ya fito, da kasko mai santsi wanda zai zama samfur. A cika cikin samfurin da ƙasa a daɓe, a kifa shi a kan hawan ƙasa wanda shi ma an cika an daɓe. A barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka a kan komai don kada hawa biyun su manne. A ɗora hawan sama, a tsayar da guntun bututu a bayan kaskon inda za a zuba ƙarfe, a cika da ƙasa. Daɓen ya yi ƙarfi kusa da samfur, ya sassauta can sama. A zare bututun, a soka siririyar waya wurare da dama don iska ta sami mafita, a ɗaga hawan sama a miƙe, a ƙwanƙwasa samfurin a hankali a cire shi, a hure ɓurɓushi, a mayar. Sannan a danne akwatin da duwatsu, domin narkakken ƙarfe na iya ɗaga shi ya tsiyaye ta gefe.

Kafin a rufe akwai aikin da sabon shiga kan tsallake, kuma shi ne zuciyar maganar. Ƙarfe ba ya daskarewa gaba ɗaya. Yana farawa daga inda ya taɓa ƙasa, ƙananan ƙwayoyi su fito su yi ta miƙa rassa zuwa ciki, abin da Dmitri Chernov na Rasha ya bayyana a 1878 bayan nazarin manyan curin baƙin ƙarfe. Yayin da rassan ke girma ƙarfen na tsukewa: alminiyum na rasa kusan kashi 6 cikin 100 na girmansa, baƙin ƙarfe kusan kashi 3. Wurin da ya daskare a ƙarshe shi ke biyan wannan giɓi, ya zama rami ko saƙar ƙananan kafofi. A 1940 injiniya Nicolas Chvorinov ya fitar da lissafin: in kaurin bango ya ninka biyu, lokacin daskarewarsa na ninkawa huɗu. A jikin kasko, wuri mai kauri shi ne gindin kunne, inda mariƙi ya haɗu da jiki, kuma nan ne kaskon da aka yi wa zubin gaggawa kan fara yoyo ko ya ɓalle da mai a kan wuta. Maganin shi ne a huda rami a hawan sama daidai kan wurin, wanda ya fi kunnen kauri. Ƙarfen da ya taru a ciki zai jima bai daskare ba, ya riƙa ciyar da kunnen, ramin tsukewa ya koma cikinsa, a yanke shi daga baya. Ba asara ba ce, narki na gaba zai cinye shi.

Na huɗu, narki. A gasa gutsattsarin ƙarfen a bakin murhu su bushe ƙayau kafin su shiga, haka ludayi da awartaki. Danshi ne ke ba alminiyum iskar haidirojin, wadda narkakke ke sha da yawa amma daskararre ba ya riƙewa, sai ta fito ta bar tsini-tsinin kafofi. In tukunyar narkin ta baƙin ƙarfe ce, a shafe cikinta da kunun yumɓu a gasa, domin alminiyum na cin baƙin ƙarfe, kuma abin da ya ci yana zama siraran allurai masu sa kasko gautsi. Da ya narke a zuba ɗan busasshen gishiri, a kwashe dattin sama a hankali, ban da yawan motsawa. Zafin zubi tsakanin digiri 700 ne da 750, lokacin da ƙarfen ke nuna ɗan ja-ja in an duba shi a inuwa. Barin sa a wuta bayan haka ƙara masa iska ne kawai.

Zubin kansa gajere ne. A kusanto da bakin tukunya daf da kafar, a zuba ba yankewa har ƙarfe ya leƙo ta ramin kunne. Wanda ya tsaya a tsakiya ya ci gaba zai sami tabon layi inda kashi biyun suka haɗu ba su game ba. Wanda ya kwararo daga sama kuma yana naɗe fatar saman ƙarfen zuwa ciki. John Campbell na Jami'ar Birmingham ya daɗe yana nazarin wannan fata, ya nuna cewa in gudun ƙarfe ya wuce rabin mita a daƙiƙa guda tana naɗuwa ciki ta zama ɓoyayyen tsagu. Takalmin fata rufaffe, da kariyar ido, da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashin ƙafa wajibi ne, yara kuma su ja baya.

Bayan 'yan mintoci a buɗe, a bar kaskon ya huce da kansa, ban da tsoma shi a ruwa. A yanke ragowar zubi da zarto, a bi da magagari. Kafin a jefa guntun da aka yanke cikin tuli, a karya shi a duba, domin shi ke ba da labarin narkin: ƙwayoyi ƙanana masu launin toka alamar lafiya ce, ramuka masu sheƙi na nufin danshi ya shiga, ɓarɓashi mai faɗi kuma na nufin ƙarfen ya ci tukunya ko ya sha zafi da yawa. A rataye kaskon a buga: lafiyayye na amo mai tsawo, mai tsagu na yin ƙwal ya yi shiru. A cika shi da ruwa a ajiye a kan busasshiyar ƙasa a ga ko zai jiƙa ta.

Wanda ya yi yoyo ya koma wuta. Toshe kafa da dalma ko shafe ta da fentin azurfa cutar da mai saye ne, kuma 'ya'yanta ne za su ci abin da ya fito daga kaskon. Wanda ya tsallake gwaji a tafasa ruwa a cikinsa a zubar kafin ya fita kasuwa, a kuma gaya wa mai saye kada ta bar miyar yakuwa ko ta tumatir ko ruwan tsamiya su kwana a ciki, domin tsami na ƙara jawo ƙarfe daga jikin kasko zuwa abinci.